Bulo 104 a jikin firji: shekara 11 da bankin musharaka a Ingila

Takardar tana nan manne a jikin firjinmu, ta yi maiƙo, gefenta duk ya naɗe. Babbar 'yata ce ta zana ta tana 'yar shekara takwas: gida mai ƙofa ɗaya da taga biyu, an jera masa bulo 104. Kowane bulo fam dubu ɗaya ne na rabon banki a gidan da muke ciki a Coventry. Duk lokacin da muka fanshi fam dubu daga hannunsu, sai yara su yi rige-rigen shafe bulo ɗaya da jan biro. A watan Oktoban 2025 aka shafe na ƙarshe, alhali yarjejeniyar da muka sa wa hannu ta shekara 25 ce. Mai zanen ma sai a waya muka nuna mata, don ta riga ta tafi jami'a.

Tun daga lokacin matan da muke aiki tare suke tare ni a ɗakin shan shayi da tambaya: shin tsarin nan na Musulunci ya yi, ko kuwa suna ne kawai? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta. Sunan bankin ba zan kira ba, domin akwai wuraren da suka ɓata mini rai kuma zan faɗe su. Ban da haka sharuɗɗansu suna canzawa, abin da aka rubuta mana a 2014 ba lallai shi za a rubuta miki yau ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, maigidana direban bas ne, dukkanmu 'yan Zariya. Shekara shida muka yi muna haya kafin mu samu wannan gida a wajen Foleshill, irin jerin gidajen nan na jan bulo masu manne da juna, ɗaki uku a sama, na ukun kamar akurki. Fam 130,000 aka yi ciniki. Mu muka kawo 26,000, wato kashi 20 cikin ɗari, banki ya cika 104,000.

Yadda abin yake, ba rance suke ba ka ba. Haɗa kuɗi kuke yi ku sayi gidan tare, abin da malamai ke kira musharaka mai raguwa. Sunan banki ne a takardar mallaka a ofishin rajistar filaye, kai kuma a ba ka takardar haya mai dogon zango. Kowane wata kuɗi biyu kake biya a dunƙule: hayar rabon banki da kake zaune a ciki, da kuɗin sayen wani yanki na rabon. Rabonsu na raguwa, haya na raguwa. A da irin wannan ciniki yana jawo a biya harajin sayen gida sau biyu, ɗaya lokacin da banki ya saya, ɗaya lokacin da ya mayar maka. Gwamnati ta cire wannan a 2003, zamanin Gordon Brown yana ministan kuɗi, kuma tun 2007 hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi take kula da tsarin kamar yadda take kula da sauran bashin gida. Wannan ne ya kwantar wa maigida hankali, don shi tsoronsa kada wata rana a wayi gari a ce banki ya rushe da takardar gidanmu a hannunsa.

Takardar lissafi ta farko da ta zo, a tsaye na karanta ta a bakin ƙofa, ko takalmin aiki ban cire ba. Fam 549 muka biya. A ciki 347 haya ce. Abin da ya tafi wajen sayen gida 202 ne kacal. Na miƙa wa maigida, ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Wato dai haya muka koma, sai dai yanzu in rufi ya yi yoyo mu za mu hau mu gyara." Dariya na yi, amma maganar ta tsaya mini a wuya har na kwanta.

Wata abokiyar aikina 'yar Zimbabwe ce ta nuna mini na'urar lissafin da ke shafin MoneySavingExpert, wanda Martin Lewis ya kafa a 2003. Kyauta ce. Za ki sa abin da ya rage, da shekarun da suka rage, da kason da ake caji, sannan ki sa ƙarin da za ki iya yi. Don masu bashin ruwa aka yi ta, amma in kin sa kason haya a gurbin kuɗin ruwa lissafin yana fita daidai (wannan kansa abin tunani ne, zan dawo kansa). Namu kason kusan kashi 4 ne a lokacin. Ta nuna in muka bi yarjejeniya sannu a hankali har shekara 25, hayar kaɗai za ta haura fam 60,000. In kuwa muka ƙara fam 250 kowane wata, za mu gama a shekara 14 da wata uku, kuma kusan fam 28,000 zai tsira a aljihunmu. Sau uku na sake shigar da lambobin, ina zaton na yi kuskure.

Ba kuskure ba ne. Hayar a kan abin da ya rage a hannun banki ake lissafa ta. Fam ɗin da kika ƙara a shekarar farko ya kashe hayar kansa ta shekara 24 masu zuwa, wanda kika ƙara a shekara ta ashirin kuwa ta shekara biyar kawai ya kashe. Kuɗin farko-farko shi ne mai ƙarfi, kuma shi ne mai wuyar samu, don lokacin ne aljihu ya fi bushewa: an biya lauya, an sayi labule, an sayi gado.

A nan ne na fara karo da bankin. Masu bashin gida na ruwa yawanci an yarje musu su ƙara har kashi 10 na bashin a shekara ba tare da tara ba, kuma da yawansu ta waya suke tura fam hamsin ko ɗari duk sanda suka samu. In sun wuce kashi goman ne ake cin tararsu, galibi tsakanin kashi 1 zuwa 5. Mu babu tara ko ta sisi, kuma babu iyaka, wannan na yaba musu ƙwarai. Amma a takardarmu ba a karɓar ƙari sai sau huɗu a shekara, ba ƙasa da fam 2,000 ba, kuma sai an cike fom an biya ɗan kuɗin aiki. Ga wanda albashi ne rayuwarsa, wannan shinge ne. Fam 250 da ke zaune a asusu wata takwas yana jiran 'yan'uwansa, wallahi ba ya kaiwa. Sai takalmin makaranta ya yage, sai tayar mota ta ƙare, sai a kira daga gida.

Adashi ne ya fitar da mu. Mu 12 ne, 'yan Najeriya da 'yan Ghana da mata biyu 'yan Nijar, kowa fam 250 a wata, kwasa 3,000. Na roƙi uwar adashi ta ajiye mini watan Oktoba kowace shekara, don ya dace da lokacin da banki ke buɗe ƙofa. Ranar da kuɗin ya shigo, ranar yake fita, ba ya kwana. Abin da banki ya kasa yi mini, wato ya riƙe mini ɗan ƙaramin kuɗi har ya taru, matan nan suka yi, kuma ba fom ba kuɗin aiki. Daga baya na koma zubi hannu biyu.

Kuskuren da na fi so kowa ya guje wa a kwasar farko ya faru. Na tura 3,000, yara suka shafe bulo uku, muka yi murna. Bayan mako biyu wasiƙa ta zo tana taya mu murna cewa biyanmu na wata ya ragu da fam 16. Shekarun kuwa suna nan yadda suke. Ashe in ba ka faɗa ba, rage maka biyan wata suke yi su bar wa'adin. Fam 16 ɗin nan ba za ka ma san ya shigo ba, a burodi da madara zai narke, alhali ribar gaskiya tana wajen rage shekaru. Na kira su. Minti arba'in ina sauraron kiɗan jira, aka tura ni wajen mutum uku, na ƙarshen ya ce sai na rubuto a takarda. Na rubuta. Tun daga nan duk fom ɗin da na cike sai na ƙara layi da hannuna cewa a bar biyan wata yadda yake, a rage wa'adi, kuma in kira bayan kwana goma in tabbatar. Sau biyu na tarar ba a yi ba. A ganina banki mai kiran kansa abokin tarayya ya kamata shi ya fara tambayarka wanne kake so.

Tsimin kuwa babu wani sirri a ciki. Asusu uku muka buɗe. Albashina da nasa suna shiga na farko, daga nan ake cire gida da harajin ƙaramar hukuma da wuta da gas da inshora. Na biyu na cefane ne, ana zuba masa adadi ɗaya ranar ɗaya ga wata, in ya ƙare ya ƙare, sai a koma kan abin da ke cikin firiza. Na uku shi ne "bulo". Ina ɗaukar aikin dare biyu na ƙari kowane wata, kuma kuɗinsu bai taɓa bi ta asusun gida ba. Cefane Aldi da Lidl. Shinkafa da mai da gari buhu-buhu a shagunan Foleshill Road. Nama kuwa rago guda muke saya da maƙwabciyata 'yar Somaliya mu raba biyu, ita ta ɗauki hanta ni in ɗauki kai da ƙafa. Tsohuwar Toyota ɗinmu sai da ta shekara 17 a duniya kafin mu rabu da ita, yara har kunya suke ji in an sauke su a ƙofar makaranta.

Wanda ya fi ciwo shi ne anko da zuwa gida. Na daina yin anko gaba ɗaya, in je biki da abin da nake da shi in ba da gudummawata a ambulan. An yi gulmata, na ji, wasu ma a gabana. Zuwa gida kuwa, tikitin mutum biyar a lokacin hutun makaranta bulo uku ne ko huɗu. Tsakanin 2015 da 2019 sau ɗaya muka je. A cikin waɗannan shekarun kakata ta rasu ban gan ta ba. Wannan babu na'urar lissafin da za ta sa miki shi a jadawali, kuma har yau ban gama sasantawa da kaina a kai ba.

Kuɗin Hajiya na wata-wata ba mu taɓa taɓa shi ba, da wannan sharaɗin muka fara. Amma sauran buƙatu na koyi cewa "ba yanzu ba". Yayana ne ya fi damuwa, don yana so in sayi fili kusa da nasa a hanyar Samaru mu fara gini. Wata rana a waya ya ce, "Ƙanwata, wai gidan nan da kuke ta zuba wa kuɗi, a can za a binne ku ne?" Na ce, "Yaya, ban san inda za a binne ni ba, amma na san inda yarana ke kwana yau." Ya yi shiru, ya ce Allah ya sa albarka, muka canza zance. Abin dariyar shi ne, abin da muke yi ba shi da bambanci da yadda shi ya gina nasa: bana a yi harsashi, baɗi a kai linta, a jira shekara biyu a yi rufi. Mu dai namu ginin a takarda yake, kuma muna ciki ana yi.

Shekarun korona ne suka fi cin bulo. 2020 da 2021 mun zuba 9,000 kowace shekara, saboda babu tafiya, babu biki, aiki kuma ya yi yawa har ya wuce misali. Ba na son tuna yadda aka samu kuɗin nan.

Sai zari ya kama ni. A Oktoban 2021 na kwashe komai, har da ɗan abin da muka ajiye na ko-ta-kwana, na tura banki don in ga lambar ta sauka ƙasa da 42,000. Mako uku bayan nan boila ta mutu, injin nan da ke ɗumama gida da ruwa. Watan Nuwamba a Ingila, da yara uku. Mai gyara ya leƙa ya girgiza kai ya ce sabuwa za a sa, fam 2,600. Na kira banki in ji ko za a iya dawo mini da wani abu daga cikin ƙarin da na yi. A'a. Abin da ka saya ka saya, ba a mayar da ciniki. Ba laifinsu ba ne, a rubuce yake, ni ce ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Kwana shida muna dafa ruwan wanka a tukunya kamar muna Tudun Wada, kafin uwar adashi ta ranta mini. A 2022 ko bulo ɗaya na ƙari ba a shafe ba: muka biya bashi, muka tara kuɗin wata huɗu muka ajiye gefe, kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi, Hajiya kuma aka yi mata aikin ido. Duk wadda za ta bi hanyar nan, ta fara da ajiyar wata uku zuwa shida, ta biya duk wani bashin kati ko na mota, sannan ta waiwayi gida. Kuma kada ta fita daga tsarin fansho na wurin aiki don ta samu na ƙari. Na ga wadda ta yi haka, ta bar kuɗin da wurin aikinta ke zuba mata kyauta don ta tsira da abin da bai kai shi ba.

Amfanin wahalar ya fito fili a 2023. Babban Bankin Ingila ya ɗaga kason kuɗin ruwansa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 har zuwa 5.25 a Agustan 2023, ga kuma ruɗanin da ƙaramin kasafin gwamnatin Liz Truss ya jefa kasuwar bashin gida a Satumban 2022. Wa'adin da aka tsayar mana da kason haya ba ya canzawa ya ƙare a daidai lokacin, sabon kason ya kai kusan kashi 7. Amma rabon banki ya riga ya sauko wajen 25,500, don haka hayar ta tsaya kusan fam 149 a wata. Da mun bi yarjejeniya yadda take, da rabon yana wajen 77,700, hayar kaɗai wajen 453. Na ga abokan aiki suna kuka a ɗakin canza kaya saboda wasiƙun da suka samu a wannan shekarar. Mu kuwa mun ci gaba da barci. Faɗuwar naira ma ta taimaka ta wata fuska marar daɗi: fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024, sai abin da nake turawa gida ya yi mini sauƙi, duk da cewa a hannun Hajiya bai ƙara auki ba saboda tsadar kaya.

To, ga maganar da kowa ke rage murya kafin ya tambaya. In hayar tana hawa tana sauka tare da kuɗin ruwan Babban Bankin Ingila, in na'urar lissafin bashin ruwa tana fitar da ita daidai, in gyaran rufi da inshora duk a kanka suke alhali an ce gidan na tarayya ne, ina bambancin? Akwai malaman da suka ce babu, riba ce aka sa wa rawani. Akwai waɗanda suka ce hukunci yana kan ƙulla ciniki ne, ba kan ma'aunin da aka yi amfani da shi wajen yanke farashi ba, kuma bankin yana da kwamitin malamai da suka sa hannu. Akwai ma fatawar Majalisar Fatawa ta Turai ta 1999 da ta sassauta wa Musulmin da ke zaune a nan sayen gidan zama da bashin ruwa in babu wata hanya, wasu ƙawayena ita suka bi, kuma sun biya ƙasa da abin da na biya. Wannan gaskiya ce: tsarin musharaka ya fi tsada, kuma kuɗin shigarsa ya fi yawa. Ni na bi malaman da suka halatta, na kuma yi istihara kafin in sa hannu. Amma ba zan yi ƙarya in ce zuciyata ta kwanta ɗari bisa ɗari ba, kuma rabin saurin da na yi daga nan ya fito. A wurina abu mafi kyau a tsarin shi ne ƙofar fitarsa a buɗe take, ba a cin tararka in ka ce za ka tafi da wuri.

Da na tattara takardun shekara 11 na haɗa, hayar da muka biya gaba ɗaya ta tsaya wajen fam 28,000, ƙarin da muka zuba kuma ya kusa 60,000. In ƙanwata ta tambaye ni, zan ce ta shiga, amma ta shiga da niyyar fita, ta tambayi sharaɗin ƙari tun kafin ta tambayi kason haya, ta kuma sa a rubuta mata. In maki ake bayarwa, bakwai cikin goma zan ba su. Ukun da na cire na shingen 2,000 ne, da wasiƙar fam 16, da abin da ya biyo bayan biyan ƙarshe.

Domin shafe bulo na 104 bai sa gidan ya zama namu a takarda ba. Sai an mayar da mallaka daga sunan banki zuwa namu, da lauyansu da namu, da wani kuɗin kuma da na manta da shi sam ban tanada ba. Fayil ɗinmu ya kwanta a teburin wani a bankin har mako biyar ba a taɓa shi ba, sai da na rubuta takardar koke. Sau biyu ina biyan fam 7 a intanet in ciro kwafin rajistar gidan, sau biyu ina ganin sunansu. A karo na uku, ina cikin bas ɗin maigida muna dawowa daga aikin dare, na buɗe wayata na ga sunayenmu biyu a jere, nasa a sama. Na jira sai da ya tsaya a tasha ta ƙarshe fasinjoji suka sauka, na miƙa masa wayar ta ramin gilashin. Ya karanta, ya ce alhamdulillahi, sannan ya ce rufin ɗakin baya fa ya fara yoyo, kwasar adashin baɗi ta samu wurin zuwa.